Babi na Shida: Raunin da Wando Ke Rufewa

Idan babur ya faɗi a titi, idon jama'a wuri biyu yake zuwa, kai da ƙafa. In kai bai fashe ba, ƙafa ba ta lanƙwashe ba, sai ka ji ana ta cewa, "Sannu, Allah ya kiyaye gaba, abin ya zo da sauƙi." A ɗaga babur, a kakkaɓe wa mutum riga, kowa ya kama gabansa. Babin da ya gabata ya tsaya a kan kai da hular kwano, kuma ya cancanci haka, domin raunin kai ne ya fi kashe masu hawa babur. Sai dai akwai sashen jikin da ba mai dubawa a bakin titi, ba mai tambaya, shi ma mai shi ba ya faɗa. Daga cibiya zuwa cinya ke nan. A nan mafitsara take, da bututun da ke fitar da fitsari, da maraina, da al'aura. Can sama kaɗan ta baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ga ƙoda biyu. Raunin waɗannan wurare bai cika kisa nan take ba, sai in ya haɗa da karayar ƙugu ko fashewar ƙoda. Abin da ya fi yi shi ne ya bi mutum shekara da shekaru, ya shiga tsarkinsa da sallarsa, ya shiga aurensa da sana'arsa. Abin takaicin kuwa, yawancinsa yana gyaruwa in ya isa hannun da ya dace a kan lokaci.

Ga mutum nan tafe a kan Boxer ko Jincheng, yana gudun kilomita 50 a awa, gudun da ba wanda zai kira ganganci. Mota ta shigo daga kwana ba zato, tayar gaba ta daki ƙofarta. Babur ya tsaya cak. Mutum kuwa bai tsaya ba, tunda ba bel ɗin da ya riƙe shi. Jikinsa ya ci gaba da tafiyarsa, kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, ƙarfin da ya yi daidai da na wanda ya faɗo daga tsayin mita 10. Sai ya zame a kan sirdi ƙafafu a ware, abin da zai fara tare shi kuwa shi ne tankin mai da ke tasowa daidai tsakanin cinyoyinsa. Daga tanki sai kan babur da madubi, sannan ya tashi sama. Kafin kai ya taɓa ƙasa, mara ta riga ta sha nata dukan. In kuma aka ninka gudun sau biyu, ƙarfin dukan sau huɗu yake ninkuwa.

Masana sun daɗe da sanin haka. A 1981 aka fitar da rahoton wani babban bincike a Amurka ƙarƙashin Farfesa Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, inda aka bi diddigin haɗarin babur 900 a yankin Los Anjalas, ana zuwa wurin da abin ya faru ana aune-aune. Aka tarar aƙalla kashi 13 cikin 100 na mahayan sun ji ciwo a matsematsi, galibi waɗanda suka yi karo da wani abin hawa ta gaba, suna gudu fiye da sauran. Daga baya masu bincike a Ostireliya suka nuna cewa mafi yawan raunin ƙugu a haɗarin babur daga tanki yake zuwa, har ma siffar tankin tana da nata tasirin, domin wanda ya taso tsaye a gaban sirdi ya fi wanda ya kwanta ɓarna. Roba-roba ba ta da tanki a tsakanin ƙafafu, amma wuyan babur da kansa suna nan a gaba.

Mahayan da aka yi waɗancan bincike a kansu mutum ɗaya ne a kan babur, in sun yi yawa biyu. Mu kuwa kowa ya san yadda muke hawa. Ranar kasuwa za ka ga goyon biyu, goyon uku, direba ya matsa gaba har ya hau kan tanki don fasinja su sami wuri, ko kuma ga jarka ko buhun masara an ɗora a gabansa. In aka yi karo, nauyin duk wanda ke baya a kansa yake sauka, ya danne shi da ƙarfen. Abuja ta hana acaba a tsakiyar birni a 2006, Kano ta hana a Janairun 2013 saboda tsaro, amma babur bai je ko'ina ba. Shi ne motar ƙauye, shi ne ɗan kabu-kabun Sakkwato da Maraɗi, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai taki gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce ke kan gaba. Ba a lissafa wanda ya rayu amma ya koma gida da robar fitsari a mara cikin waɗannan alƙaluma. Galibi saurayi ne ko magidanci mai ƙananan yara, wanda gidan ya dogara da guminsa.

Ƙashin ƙugu zobe ne, manyan ƙasusuwa biyu da suka haɗu ta gaba a ƙasan mara, ta baya kuma suka manne da gindin ƙashin baya. In tanki ya daki mahaɗar gaba da ƙarfi, zoben wagewa yake yi. A jikin bangonsa ta ciki akwai tarin jijiyoyin jini masu taushi, kuma in suka tsage jinin ba waje yake fita ba, ciki yake taruwa inda ba mai gani. Baligi yana da jini kimanin lita 5, ƙugun da ya wage kuwa yana iya shanye rabinsa ko fiye ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa ba. Mutum na magana da kai, sai ka ga yana gumi mai sanyi, leɓe ya yi fari, yana roƙon ruwa, ya kasa zama wuri ɗaya.

A daidai nan ne taimakonmu kan zama cuta. Mutum huɗu su kama shi, biyu a hannu, biyu a ƙafa, ƙugu na lilo a tsakiya. Wani ya ce, "Ku miƙar da shi mu ga ko zai iya takawa." A tura shi cikin a-daidaita-sahu a zaune, a naɗe ƙafafun don su shiga, wani ya ɗura masa ruwa. Duk motsin nan ƙara buɗe zoben yake, yana kuma ɓalle jinin da ya fara daskarewa. Abin da ake bukata yana nan a wurin, ba sai an saya ba. A karɓi zani ko mayafi mai ƙwari, a zura shi ƙarƙashin mutum yana kwance, a zagaye shi daidai ƙasusuwan nan biyu da ke turowa a gefen cinya ta sama, wato ƙasa da inda ake ɗaura tazuge, a ja sosai a ƙulle. A haɗa gwiwoyi da idon sawu a ɗaure su tare. A ɗauke shi a kan ƙyaure ko benci ko katako mai faɗi, a sa shi a motar da zai kwanta a miƙe. Kada a ba shi ruwa ko abinci, domin mai yiwuwa tiyata ke jiransa. A asibiti akwai allura mai araha da ake kira taranekzamik, mai rage zubar jini. An gwada ta a kan majiyyata sama da 20,000 a ƙasashe 40, har da Najeriya, aka fitar da sakamakon a 2010, kuma amfaninta yana cikin awa 3 na farko ne. Wanda aka fara kaiwa gidan mai ɗori ya rasa waɗannan awoyi. Ina girmama masu ɗori a kan abin da suka iya, amma ƙugu ba hannu ba ne, kuma mai ɗori ba ya ganin jinin da ke taruwa a ciki, ba ya ganin mafitsara.

Ita mafitsara in ba komai a cikinta, laɓewa take a bayan ƙashin mara, ƙashin na kare ta. In ta cika, ta ɗauki kusan rabin lita, sai ta taso sama da ƙashin, bangonta ya yi siriri. Ka taka ledar fiya wata da aka shanye, ba abin da zai same ta, amma ka taka cikakkiya ka gani. Haka cikakkiyar mafitsara ke fashewa ta samanta, fitsari ya kwarara cikin ciki tsakanin hanji. Wannan fashewa mayaudariya ce. Da farko mutum kan ji matsuwar fitsarin ta tafi, zafin ma ba wani mai yawa ba, musamman in yana cikin masu haɗiyar taramol don jure aiki. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu ciki ya kumbura ya yi tauri, amai ya taso, fitsari ba ya fita sai ɗan ɗigo mai jini, dattin da ya kamata ya fita yana komawa cikin jini. Wannan sai an buɗe ciki an ɗinke. Ɗaya nau'in, wanda ya fi yawa, shi ne wanda karyayyen ƙashi ya huda mafitsara ta ƙasa ko ya yage ta. Shi sau da yawa robar fitsari ta mako 2 zuwa 3 ta ishe shi, ramin ya rufe da kansa. Ana bambance su ne da hoto, bayan an cika mafitsarar da wani ruwa mai fitowa a hoton. Ɗan acaba kan wuni yana riƙe fitsari saboda bin fasinja da rashin wurin zagayawa. Minti biyu na tsugunawa kafin a kama doguwar hanya yana iya raba mutum da tiyata.

Raunin da ya fi daɗewa da mutum shi ne na bututun fitsari. A namiji tsawonsa ya kai kimanin santimita 20. Yana fita daga mafitsara, ya ratsa ta cikin ƙullutun da likitoci ke kira furostet, ya bi ta wani ƙaƙƙarfan shimfiɗin nama da ke manne da ƙashin ƙugu, sannan ya lanƙwaso ta ƙarƙashin ƙashin mara ya shiga mazakuta. In ƙugu ya karye ya goce, sashen sama na bin ƙashi, na ƙasa na tsaye, sai bututun ya tsinke a tsakani, ko dai gaba ɗaya ko wani ɓangare. Cikin maza 100 da suka karye a ƙugu, tsakanin 5 zuwa 10 kan gamu da wannan. Hanya ta biyu ba ta bukatar karaya. Mutum ya sauka da matsematsinsa a kan tanki ko ƙarfen babur, bututun ya matse tsakanin ƙarfe da ƙashi ya dagargaje.

Alamarsa ta farko ƙarama ce ƙwarai, ɗigon jini a bakin kaciya, wani lokaci ma sai dai a ga tabonsa a gajeren wando. Sai matsuwar fitsari mai tsanani, mutum ya yi nishi ya yi nishi ba abin da ke fita, mara na ta kumbura. Bayan wasu awoyi fatar da ke tsakanin maraina da dubura ta yi baƙi ta kumbura. Mutumin da ke cikin wannan hali abu ɗaya yake roƙo, a sa masa roba ya huta, kuma a kemis ko ƙaramin asibiti za a iya samun mai tausayin da zai gwada. Roba ta ƙi shiga, a ƙara turawa, a canja wata mai ƙarfi, a sake turawa, jini na fita. Bututun da ya tsage rabi, wanda da zai iya haɗewa da kansa, ta haka ake ƙarasa tsinke shi, a kuma tura ƙwayoyin cuta cikin jinin da ya taru. Ƙa'idar ita ce a fara ɗaukar hoton bututun, a zuba masa ruwan hoto ta bakin mazakuta a ga inda yake yoyo. Ƙwararre kan gwada roba sau ɗaya a hankali, in ta ƙi ya tsaya nan. Daga nan sai a huda mara kaɗan sama da ƙashi, a sa roba kai tsaye cikin mafitsara, fitsari ya riƙa zuba a jaka.

Wannan roba ta mara ita ce majiyyata suka fi tsana, kuma ita ce ke cetonsu. Likita zai ce a jira kimanin wata 3, jinin da ya taru ya tsotse, ƙashi ya kama, tabo ya nuna iyakarsa. Mutum na jin haka sai ya ɗauka an yi watsi da shi, ko ana jan lokaci don kuɗi. Wata ukun nan masu nauyi ne. Jaka a ɗaure a cinya ƙarƙashin babbar riga, tsoron wari a cikin sahu, canjin roba duk bayan mako 4 zuwa 6, zazzaɓi in ta toshe. A nan ne wasu ke yanke ƙauna su tafi neman jiƙe-jiƙen da aka ce suna buɗe hanya. Babu saiwar da ke narkar da tabo. Aikin da ake yi shi ne a tsaga tsakanin maraina da dubura, a yanke tabon gaba ɗaya, a jawo lafiyayyun bakuna biyu a ɗinke su da zare mai siririn gaske a kan roba, wadda ake cirewa bayan kamar mako 3. In wurin da ya lalace a sashen gaba yake kuma yana da tsawo, akan yanko fatar cikin kumatu a yi faci da ita, domin fata ce da ta saba da jiƙa. A hannun wanda ya ƙware, sama da 8 cikin 10 na wannan aiki yana yin kyau, mutum ya koma fitsarinsa kamar da. Aiki na farko shi ya fi damar nasara, don haka ya fi kyau a jure a nemi likitan da aikinsa ke nan. Ana samun irinsu a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma Kano na da cibiyar Abubakar Imam da aka keɓe don cututtukan mafitsara.

Akwai kuma wanda ya bugu a matsematsi, ya ga ɗan jini kwana ɗaya ya wuce, ya manta. Bayan watanni ko shekaru sai fitsari ya fara sirancewa, yana rabuwa biyu, sai an yi yunƙuri, an gama kuma yana ɗiga a wando. Shi da mai kemis duk sanyi za su kira shi, a yi ta shan ƙwayoyi da allurai. Gaskiya ne ciwon sanyi na toshe bututu, amma tabon tsohon bugu ma na yi, kuma sau da yawa sai likita ya tambaya, "Malam, ka taɓa faɗuwa a babur?" sannan mutum zai tuna.

Maraina kuwa su ne a sahun gaba in an zame kan tanki. Kowane ɗan maraina yana cikin wata farar riga mai tauri, wadda ake ƙiyasta sai nauyin kusan kilo 50 ya sauka a kanta kafin ta fashe, nauyin da karon babur ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. In ta fashe, naman ciki mai yin maniyyi yana bultsowa waje, jini ya cika jakar, ta kumbura ta yi baƙi, ga zafin da ke sa amai. Lissafin a nan na kwanaki ne. In aka yi aiki cikin awa 72, wato kwana 3, ana ceto 8 zuwa 9 cikin 10: a wanke, a cire abin da ya mutu, a ɗinke rigar. In aka wuce haka, kusan rabi sai an cire ɗan gaba ɗaya.

Kwana ukun nan kunya ce ke cinye su. Ga saurayi kwance a ɗakin agajin gaggawa, an naɗe masa ƙafa, yayansa na tsaye a kansa, mahaifiyarsa na bakin gado tana masa fifita. Likita na sauri, ga layi a bayansa, ya ce, "Akwai wani wurin da ke maka ciwo?" Saurayi ya kalli mahaifiyarsa, ya kalli bango, ya ce, "Da sauƙi, likita, ƙafar ce kawai." A sallame shi. A gida ya riƙa gasa wurin da ruwan zafi a ɓoye, yana shafa man zafi, sai rana ta biyar da zazzaɓi ya rufe shi sannan ya kira abokinsa gefe. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai. An rene shi a kan cewa ba a ambaton wannan wuri gaban iyaye, kuma tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. Nauyin yana kan wanda ke duba shi. Ya ce, "Hajiya, ku ɗan ba mu wuri," ya ja labule, ya tambaya ƙarara ko ya yi fitsari tun da abin ya faru, da kalarsa, sannan ya duba da idonsa. Yayan da ya kawo shi ma zai iya wannan tambaya tun a hanya, in sun keɓe. Dubawa da ido na da wani dalilin kuma. Wani lokaci bugun tanki kan tura ɗan maraina ya bar jakarsa ya haye matsematsi ƙarƙashin fata, ya maƙale a can. Haɗarin babur ne kan gaba wajen jawo wannan, kuma an sha gano shi bayan makonni, saboda hankalin kowa ya tafi kan karaya. Wanda aka cire wa ɗaya kuma ya kwantar da hankalinsa, domin guda ɗaya mai lafiya ya isa mazantaka, ya isa haihuwa.

Ƙoda ba ta tanki ba ce. Ita tana samun nata ne in mutum ya faɗi a kan kwiɓi, ko kan babur ya soke shi ƙarƙashin haƙarƙari, ko mota ta buge shi ta gefe. Karayar haƙarƙarin ƙasa da ƙurji a kwiɓi alamu ne da ke sa a zarge ta. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta ƙoda yake bi, don haka in ta tsage tana zubarwa sosai, amma mafi yawan raunukanta suna warkewa da kwanciya da sa ido a asibiti, ba tare da wuƙa ba. Yawan jinin da aka gani a fitsari ba ya nuna girman ɓarnar. Jijiyar da ke kai wa ƙoda jini na iya tsinkewa fitsari ya fito fari tas. A garuruwan da ke bakin dam da fadama da gonakin shinkafa kuwa akwai wani tarko na daban. Yaro ya tashi da tsargiya, ya saba ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, shi da tsaransa duka, har ba ya ɗaukar abin ciwo. In ya girma ya faɗi a babur ya ga ja, sai ya ce tsohuwar tsargiyarsa ce ta motsa. Duk jinin da ya biyo bayan faɗuwa, na faɗuwar ne har sai hoto ya wanke shi.

Mata galibi a baya suke, wasu a zaune gefe ɗaya, ba abin riƙewa, ga hijabi ko zani da taya kan fizga. Bututun fitsarin mace gajere ne, kimanin santimita 4, bai cika tsinkewa ba. Haɗarinta a wani wurin yake. Tsinin karyayyen ƙashi kan yaga farji ta ciki, karayar ta zama buɗaɗɗiya ga ƙwayoyin cuta, ita kuwa ta ga jini ta ce al'ada ce ta zo ba lokacinta ba, ko ta sani sarai ta yi shiru don likitan namiji ne. Tana da damar ta nemi mace ta duba ta, kuma mijinta ko wanda ya kawo ta shi ya kamata ya fara nema mata. Yagewar da aka ɗinke a ranar farko ba ta cika zama yoyon fitsari ba. Mai juna biyu kuwa, ko da ta tashi ta kakkaɓe zaninta ba ta jin komai, asibiti za ta nufa, domin mabiyiya kan ɓanɓaro daga jikin mahaifa jinin ya ɓoye a ciki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti a Najeriya ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa, kuma yana da kyau masu rakiya su san da ita.

Bayan ƙashi ya kama, fitsari ya dawo, akwai maganar da ba a cika kawowa gaban likita ba sai an kai bakin ƙofa za a fita. Jijiyoyin da ke tayar da gaba, na jini da na saƙo, suna bi ne ta gefen furostet da ƙarƙashin ƙashin mara, daidai inda karayar ke ratsawa. Kusan ɗaya cikin uku na mazan da ƙugu ya tsinke wa bututun fitsari kan sami rauni a nan. Galibi haɗarin ne ya jawo, ba tiyatar ba, ba kuma sammu ba. Ina nanata wannan domin gidaje sun mutu a kansa. Miji ya ƙaurace wa ɗaki bai ce komai ba, mata ta ɗauka ya daina sonta ko yana neman wata, dangi su fara nuna kishiya ko maƙwabciya da yatsa. Da an zaunar da su biyun an yi musu bayani, da yawa za su jure, domin jijiyar da ta bugu ba ta tsinke ba tana farfaɗowa a hankali, wani har shekara 2 yana ganin ci gaba. Akwai ƙwayoyin da likita ke rubutawa da ke taimaka wa da yawa, akwai allura, akwai aiki ga wanda ya bukata. Kwalaben maganin maza na tasha kuwa ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki, kuma mutumin da ƙodarsa ta taɓa buguwa shi ne na ƙarshe da ya kamata ya gwada su.

Tsarki ma na damun mutane fiye da yadda ma'aikatan asibiti ke zato. Na san akwai masu barin jam'i, har da masu barin salla ɗungurungum, don suna ganin mai jaka a cinya ko mai ɗigon fitsari ba shi da alwala. Malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan. Fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba, in ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala. Mutum ya tambayi malamin unguwarsa yadda hukuncin ya hau kan halinsa, ya zazzage jakarsa, ya tsaftace abin da zai iya, ya shiga sahu.

Ko bayan aiki ya yi kyau, tabo na iya dawowa, galibi cikin shekarar farko, don haka ake son mutum ya riƙa lura da ƙarfin fitsarinsa, ya koma da zarar ya ga ya fara sirancewa, tun ana iya buɗe shi da ƙaramin aiki. Likita zai kuma hana shi hawa babur da keke na tsawon lokaci, saboda sirdi daidai kan ɗinkin yake zama. Ga ma'aikacin ofis wannan ƙaramar magana ce. Ga wanda babur ne abincinsa, in aka haɗa da wata ukun jira, ana maganar kusan rabin shekara ba ko sisi, kuma yunwar gida ce ke mayar da mutum kan sirdi ɗinki bai gama kamawa ba. Lissafi ne da ya kamata dangi da 'yan ƙungiyar tasharsa su zauna su yi tun kafin a shiga ɗakin tiyata: wane ƙane ne zai karɓi babur ɗin ya yi aiki da shi, nawa zai riƙa kawowa gidan, wa zai je ya roƙi mai babur ya sassauta balas, wa kuma zai riƙa kai shi canjin roba a mota duk wata.